Fankokin Gonar Hajiya Hadiza

Wanda ya tsufa a Kaduna irin tsufanmu, ya tsallake abin da muka tsallake ba da bokon kowa ba, gawa ba ta girgiza shi. Amma ta Tukur mai kula da kaji sai da ta sa Sufeto Ja'afaru ya cire hula.

A gonar kajin Hajiya Hadiza da ke Katabu aka tsince shi da safe, kwance cikin matattun 'yan tsaki. Murhun gas na ci, fankokin fitar da iska a tsaye, iskar ɗakin ta gurɓace. Tuni aka kulle Nuhu, abokin aikinsa, don sun yi cacar baki.

"Wa ke kashe fankokin nan, Hajiya?"

"Ba mai taɓa su, Yallaɓai. Kwamfuta ce ke juya su. Ɗana Nuraddeen ya tsara."

Sufeto ya duba akwatin makunni. Kwaɗon ya yi tsatsa, ba hannun da ya buɗe shi. Ya sa aka kira Nuraddeen daga Unguwar Kanawa, ya zo rungume da kwamfutarsa.

"Rabona da gonar nan tun Sallah, Yallaɓai. Gwaji kawai na yi a gida, a kan kwafin tsarin. Kwafi ba ruwansa da gona."

"Madalla. Maimaita min gwajin."

"Yanzu?"

"A'a, baɗi. Zauna!"

Ya zauna, ya mayar da gudun fankokin sifili a kwafin. Fankokin da aka sake tayarwa suka yi tsit, ɗaya bayan ɗaya.

"Kwafin naka dogon hannu gare shi," in ji Sufeto.

Nuraddeen ya sunkuyar da kai.

"Ba kwafi ba ne. Wata 'yar alama na manta ban cire ba a gaban sunan da na ba kwafin. In tana nan, sabon sunan ba ya samun nasa daban, na asalin yake nunawa. Suna biyu, abu ɗaya. Na taɓa wannan, wancan ya canza."

"Yaushe ka gane?"

"Da aka ce an ga gawa."

"Ka ja bakinka, Nuhu na kulle?"

Hajiya ta zube cikin dusa. "Nura, Tukur fa shi ya goya ka!"

Aka sa wa Nuraddeen ankwa. Ya waiwayo ya ce, "Umma!" Ba ta ɗago ba.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da matar Tukur da ta taho daga ƙauye, kwano a kanta. Ta rusuna ta gaida Sufeto.

"Ranka ya daɗe, Tukur na ciki? Abincinsa na kawo."