Faifan Mai Hoto

A bara, wani mai gyaran kwamfuta ya goge wa wani tsoho mai hoto aikin shekara talatin, garin sa masa sabuwar manhaja. Da tsohon ya yi kuka, mai gyaran cewa ya yi, "Baba, hotuna ne kawai." Bai sake ganinsa ba.

Ran nan yana rufe shago, titi ya yi tsit, wani ya shigo ya zauna bayansa, inda fitila ba ta kaiwa. Ya miƙo sabon faifai.

"Sauke manhajar girka kwamfuta ka buga min a kai. Wadda ke tashi da kanta."

Faifan sanyi kamar ƙanƙara. Ya sauke, ya buga.

"Gwada a kwamfutarka, ɗana. Na san aikinka."

A cikinta mai gyaran ya ajiye hotunan marigayiya 'yarsa, babu su a wani wurin. Amma ai gwaji ne. Ya kashe ta don ta tashi daga faifan. Gilashin kwamfutar ya yi baƙi, ya hango kujerar bayansa a ciki, babu kowa.

Kwamfutar ta tashi, ta fara goge komai da kanta. Ya fizge wayar wuta, ba ta mutu ba.

Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnensa.

"Kwantar da hankalinka. Hotuna ne kawai."