Igiyar Baba Hezekiya

Ranar da Lea ta fara ganin Yunana, igiya ce a hannunta.

A ƙaramar majami'arsu ta unguwar Jamaica, can ƙasar waje, kowace shekara mahaifinta, Baba Hezekiya, yakan ɗaura igiya a ƙafarsa ya yi wa'azin da ya yi suna da shi. Yakan ce haka ake ɗaura wa babban firist na Yahudawa idan zai shiga Wuri Mafi Tsarki, don in ya mutu a ciki a jawo gawarsa, tunda ba mai ikon bin sa. Shekara ashirin da shida mahaifiyar Lea ke riƙe ɗaya bakin igiyar. Da ta rasu, Lea ta gaje ta.

Yunana kuwa, baƙon saurayin da ke kujerar baya, bai ɗauke ido daga kanta ba. Ɗalibin tarihi ne daga Kaltungo, mai ladabi, sai dai irin mutanen nan ne da gaskiya ke yi musu ƙaiƙayi a baki. Kafin wata shida ya zama shi ke jiran ta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa in ta taso daga aiki a filin jirgin sama na JFK. Yana ce mata Zinariya, tana ce masa Malam Sani-Duka.

Ranar da ya zo gaisuwa gida ne ya ɓata komai. A gaban dattawan ikilisiya Baba ya tambaye shi ra'ayinsa kan wa'azin, yana jiran yabo.

"Baba, ka gafarce ni," in ji Yunana. "Igiyar nan ba ta cikin Nassi. Sai bayan shekara fiye da dubu da rushe haikali aka fara rubuta zancenta. Mai yiwuwa ba a taɓa yi ba."

Lea ta ji kamar ta nutse.

Baba ya sa sharaɗi: sai Yunana ya riƙe igiyar a gaban jama'a, in ba haka ba babu aure.

Yunana ya rubuto mata: "Zinariya, ina son ki, amma ba zan tsaya a gaban Allah in riƙe abin da na san ba shi da tushe ba."

Ta amsa: "Ka yi gaskiya, Malam. Amma hannun Mama ne a jikin igiyar nan. Wannan ba ya cikin littattafanka."

Mako bakwai ba ta ɗaga wayarsa ba. Ta tsane shi don taurin kai, ta ji haushin Baba don girman kai, ta kuma yi kukan duka biyun.

Ranar wa'azin, tana miƙewa za ta riƙe igiyar sai ga Yunana ya wuce ta. Ya durƙusa gaban Baba, ya miƙa hannu biyu don karɓar igiyar, fuskarsa kamar ta mai shan maɗaci.

Baba ya daɗe yana kallon sa.

"Tashi, ɗana," ya ce. Ya juya ga jama'a. "Mako bakwai ina nema, shafi bayan shafi. Babu. Daga bakin malaminmu na ji a Kagoro, ban taɓa dubawa ba. Na koya muku abin da ban bincika ba, har na sa matata ta riƙe mini. Ku yafe mini."

Ya sunkuya ya kwance ƙullin da kansa, ya sauko. Tun daga ranar bai sake hawa mumbari ba, duk roƙon da aka yi masa. Shi ma Yunana ya roƙa har da hawaye.

An ɗaura auren a watan Yuni. Aka ci, aka yi guɗa. Baba ya ɗora hannu a kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Yunana, ka riƙa faɗa mata gaskiya, amma ka fara duba inda za ta faɗo."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Lea ta sami wanda take so, ta kuma san abin da hakan ya ci. Kwana uku bayan biki, tana kwashe kayanta a sabon gidansu na unguwar Harlem, ta tarar da igiyar a ƙasan akwati, a naɗe cikin ɗankwalin mahaifiyarta. Baba ne ya saka.

Yunana ya tsaya a kanta. Ya buɗe baki zai yi magana.

"Kada ka ce komai, Malam," ta ce.

Ya zauna kusa da ita a ƙasa, ya kama ɗaya bakin igiyar.