Wa Ya Tuƙa Moton Labaran?

Kwana uku ke nan takardar na kan tabarma a gidan Malam Saley da ke unguwar Banikanni a Parakou, an danne ta da faifai. Ramlatou ta cike ko'ina, suna, ranar haihuwa, da lakwal ɗin da ta yi karatun jinya shekara uku. Layi ɗaya ya rage, a kansa kuma biro ya ƙi tafiya.

Daga hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi takardar ta fito, kuma in ba lasisi ba aiki. Layin cewa ya yi: "Kin taɓa karya dokar hanya har wani ya ji rauni? I ko a'a." A ƙasa ga wurin sa hannu, da rantsuwar cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne.

"Ke Ramlatou!" in ji mahaifinta, yana kafa hula zai tafi tashar Gare inda yake lodin manyan motoci. "Dosiyen nan ƙwai ne da kike kwanci a kansa? Rubuta a'a ki kai musu mana!"

"Baba, ai ni na tuƙa."

"Wa ya gan ki? Sunan wa ke komisariya wurin 'yan sanda?"

"Na Labaran."

"To fa! Shekarata talatin a bakin hanya, ban taɓa ganin wanda ruwa ya wuce da laifinsa ya bi ruwan da gudu ba. Wata biyu ya rage a ɗaura miki aure, kul kika tono mini abin da manya suka binne!"

Abin da manya suka binne kuwa ga shi. Shekara biyu da suka wuce, Labaran, saurayinta, ɗan gidan fataken goro na Djougou, ya shigo Parakou da sabon moto, wato babur. Ramlatou ta nace sai ta ɗana. Ba ta da permi, wato lasisin tuƙi, ba ta da hular kwano, sai rawar kai irin ta ƙuruciya. Shi kuma soyayya ta rufe masa ido, ya koma baya ya ba ta gaba. A bakin kasuwar Arzèkè ta kwashe Rabi'a mai awara, ƙafar matar ta karye nan take. Kafin 'yan zem masu haya da babur su gama taruwa Labaran ya cafke kan moton yana cewa, "Ni ne! Ni na buge ta!" Aka karɓe masa permi, aka rubuta sunansa. Dattawan gida biyu suka zauna suka ce magana ta mutu, namiji ya rufa wa matarsa asiri tun ba a shafa fatiha ba.

Ita kuwa Ramlatou gyalenta ta yaga ta ɗaure ƙafar. Tun daga ranar Rabi'a ke ɗingishi, tun daga ranar kuma duk sanda Ramlatou ta gifta sai ta kira ta.

"'Yar albarka! Zo ki karɓi awara. Ba don ke ba da wancan ɗan iskan na Djougou ya kashe ni."

Wallahi da zagi ne da ya fi mata sauƙi. Wani abu ne ya mutu a jikin yarinyar nan. Ba ta kuka, ba ta dariya, ta ci abinci ba ta ji gishiri ba. An kawo kayan lefe ƙawaye na ta guɗa, ita tana kallon akwatunan kamar na maƙwabta.

Da mahaifinta ya fita ta ɗauki biro ta rubuta "I".  Sai dai ta ga bai dace ta miƙa takardar ba tare da Labaran ya ji daga bakinta ba, don haka washegari ta hau motar Djougou.

Ta tarar da Hajiya Memuna, mahaifiyarsa, a tsakar gida tana zaɓen goro, tana yayyafa wa ganyen ruwa. Labaran na gefe yana ɗaure huhun goro. Ramlatou ta durƙusa ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta ba ƙari ba ragi.

Hajiya ta saki goron da ke hannunta.

"Innalillahi! Maimaita in ji!"

"Na rubuta ni ce na tuƙa, Hajiya."

"Wato ɗana maƙaryaci ne ke nan? Ya sha zagi a kasuwa saboda ke, ya yi wata shida yana bin bayan moton wasu kamar kaya, yau ki tashi ki kai shi gaban hukuma ki ce ƙarya ya yi? Wannan ce godiyar?"

"Ba haka nake nufi ba—"

"Rufe mini baki! Tun kakanninmu na fataucin goro a ƙasa, da kalma ɗaya ake sanin gidan nan. Ba a taɓa cewa ɗan gidan nan ya faɗi magana ya janye ba. Ki kai takardar nan, ni kuma in aika a kwaso mana lefenmu. Zaɓi ya rage naki."

Labaran ya rako ta tasha.

"Ramla, me na rage ki da shi? Ni na ɗauka, ban yi ƙorafi ba. Bai isa ba?"

"Ya isa, har ya yi yawa." Muryarta a shimfiɗe take, ba hawa ba sauka. "Labaran, gobe in na yi wa ɗan mutane allurar da ba daidai ba, me kake tsammani zan yi? Shiru zan yi, in tsaya ina waige-waige ko wani zai ce shi ne. Abin da na koya ke nan a Arzèkè. Tsoron kaina nake ji."

"Aurenmu fa?"

"Ina son ka. Amma ban san ko akwai sauran mutum a jikina da za ka aura ba."

Ya juya ya tafi ba sallama. Ta bi bayansa da ido tana jiran ta ji zafi, ba ta ji komai ba.

Ta miƙa takardar ranar Litinin. Ranar Laraba aka zo aka kwashe akwatuna. Malam Saley ya daina amsa gaisuwarta, in ta kawo masa ruwa sai ya kau da kai. Ta je Arzèkè ta tsuguna gaban Rabi'a ta gaya mata gaskiya. Man kasko na tafasa, matar ta ce, "Shekara biyu ina tsine wa bawan Allah ina ba ki awara? Tashi ki ba ni wuri." Ramlatou ta tashi ta tafi. Sati bakwai Labaran bai kira ba, ita ma ba ta kira shi ba.

Sai ga sammaci daga kwamitin hukumar. Mutum uku ne a bayan tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau, ta jera takardu biyu a gabanta.

"Ta 'yan sanda ta ce Labaran ne ya tuƙa. Taki ta ce ke ce. Ɗaya ƙarya ce, kuma ba ma ba da lasisi a kan ƙarya. Mun kira shi, yana waje. A shigo da shi."

Ramlatou ta san abin da Hajiya ta kitsa masa. Kalma ɗaya zai maimaita, "Ni ne," shi ke nan ita ta zama mai ƙarya ko mai taɓin hankali.

Ya shigo ya rame, rigarsa a yamutse. Bai dube ta ba.

"Malam Labaran, wa ya tuƙa moton?"

Ya fuskanci dattijuwar.

"Ita ce, Madam. Ni na ba ta, na san ba ta da permi. Ni kuma na yi wa 'yan sanda ƙarya." Ya ajiye wata takarda mai hatimi. "Shekaranjiya na kai kaina komisariya na gyara maganata. Kwana biyu suka riƙe ni, yau da safe suka sake ni, sauran kuma sai gaban alƙali."

Sai a lokacin ya juyo.

"Ramla, na zaci rufa miki asiri na yi. Ashe rufe ki na yi da ranki. Ki yafe mini."

Wayyo! Kukan da ya ƙi zuwa shekara biyu shi ya ɓalle mata a gaban baƙi, da majina da shessheƙa, har dattijuwar ta miƙo mata hankici tana cewa, "Yi abinki 'yata, ba ma sauri."

Ba a ba ta lasisi ranar ba. An ɗage shi wata shida, aka ce ta je ta amsa nata laifin, ta yi permi, ta yi shekarar farko ƙarƙashin kulawar wata babbar ma'aikaciyar jinya. "Da kin rubuta a'a muka gano daga baya," in ji dattijuwar, "da har abada ba za ki taɓa majinyaci ba."

Labaran ya tsaya kai da fata a gida, ya ce in ba Ramlatou ba sai dai ya tsufa a gwauro. Bayan wata takwas aka mayar da lefe, Malam Saley da kansa ya raba goron ɗaurin aure. Hajiya Memuna dai ta zo biki fuska a murtuke, ta yi wata uku ba ta kiran sunan amarya, sai "waccan mai takardar".

Ranar da hawan jini ya kayar da Hajiya a tsakar gida, aka ce a kira babban likita, sai ta ɗaga hannu da ƙyar.

"A'a... ku kira mini waccan. Ita ko mutuwa zan yi za ta faɗa mini."

To 'yan uwa, ku ji da kyau. Mai son ka na iya ɗaukar maka kaya, amma ba ya iya ɗaukar maka laifi, ko ya so. Gaskiya ɗaci gare ta, tana kuma jinkirta biki, sai dai wanda ya yi haƙuri da ita ba ya kwana da tsoron kansa.