Gyara a Kasuwar Kufai

An ɗauke wuta, wayoyi sun mutu, sai ƙannen suka tuna suna da Yaya Nafi'u. Ya gyara zama a kan tabarma, ya rage murya.

"Ni dai ban yarda da aljanu ba," ya ce. "Amma na ga kunnen Zayyanu. Wato na ga inda yake a da."

Zayyanu abokin karatunsa ne a jami'a, mai haɗa wasan gem. Wanda yake ginawa a lokacin na intanet ne. Mutane da yawa za su shiga tare, a jefa su cikin wani mataccen gari, wani abu yana farautarsu a duhu. Babu kanti, babu kuɗi. Abin da ka tsinta shi za ka musanya da ɗan'uwanka, ku daidaita tsakaninku. In ba ka da komai, ka sayar da idon mutuminka na cikin wasan ka karɓi tocila, ko ƙafarsa ka karɓi ruwa. Da wannan dabara Zayyanu yake taƙama.

Ummita, mai zana masa dodannin, ta ce ya sa madannin fasa ciniki.

"Wani zai danna da wasa, ya rasa ido."

"Ya rasa. Wanda ya ce na sallama, ya sallama. Haka kasuwa take."

"In ji wanda ko tumatir bai iya saye ba."

Abu ɗaya ya rage masa: sauti. Yana son shirun kasuwar da ta watse, yana kuma son ihu na gaske, don wanda ya samo a intanet ko akuya ba zai razana ba. Akwai kufan wata kasuwa a bayan garin kakarsa. Tsohuwar ta ce kada ya je. In zai je, ban da tsakar rana. In ma da tsakar rana ne, ban da shi kaɗai. Zayyanu ya haɗa duka ukun ya karya, don shi ɗan boko ne.

Da ya isa, ya jingine mashin ɗinsa a gindin tsamiya. Ba komai sai turakun rumfuna da gara ta cinye. Ya kunna rikoda, ya toshe kunnuwa da iyafis.

Sai ya ji kalangu. Can ƙasa-ƙasa.

Ya zare iyafis. Shiru. Ko tsuntsu babu.

Ya mayar. Kalangu, da hayaniya, ana tayi ana albarka.

Ya ce a ransa, rediyo ce rikodar ta kamo. Ya ci gaba da tafiya. A ƙarshen layin ya ga rumfa ɗaya da ke tsaye. Mahauci ne a ciki, dattijo, yana wasa wuƙa. Nama jere a kan tebur. Ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba.

"Sannu da zuwa, mai sabuwar kasuwa."

Muryar ce ta fara isowa. Bayan ta gama sannan leɓen ya motsa, kamar hoto idan netwok ya yi rauni.

"Baba, ka san ni ne?"

"Mun ji ka buɗe kasuwa irin tamu. Ido, ƙafa, babu fasawa. Ka kyauta." Leɓen ya biyo baya. "Ihu kake nema. Ina da shi."

Ya taɓa wani ƙoƙo da ke kife. Ihun ya tsaga kan Zayyanu ta cikin iyafis. Bai taɓa jin irinsa ba. Shi yake nema.

"Me zan ba ka?"

"Kunnenka na hagu. Kana da biyu."

Zayyanu ya yi dariya. Tsoho ya taɓu, in ji shi, amma ya iya barkwanci.

"To Baba, na sallama."

Kalangu ya tsaya.

Bai ga lokacin da hannun ya tsallako tebur ba. An damƙi ƙeyarsa, an buga fuskarsa a kan katako, haƙorinsa ya fashe. Wuƙar ta yi sanyi, sannan ta yi zafi. Mahaucin bai yi gaggawa ba. Aikinsa ne, ya kuma iya shi. Ya ajiye kunnen a gefen sauran naman, ya goge wuƙar a rigar Zayyanu.

A nan ne Zayyanu ya kalli abin da ke kan teburin da kyau. Ba na tumaki ba ne.

"Gyara fa?" in ji mahaucin. "Ko a garinku ana saye ba a yi wa mutum gyara?"

Ya danne masa hannu. Sara ɗaya, ƙaramin yatsa ya yi tsalle.

Zayyanu ya faɗi cikin jininsa. Yanzu ba ya bukatar iyafis. Kasuwar ta cika. Ƙafafu sun kewaye shi, ba sa taɓa ƙasa sosai. Yatsu masu sanyi suna latsa cikinsa kamar ana duba rago.

"Idon nan fa?"

"Ni hanta nake so."

"Albarka," in ji Zayyanu, jini na bin wuyansa. "Albarka. Albarka!"

Suna ƙara tayi, suna matsowa. Ya san ba zai daɗe yana faɗa ba. Zai suma, ko harshensa ya kuɓuce. Sai ƙwaƙwalwar da ta tsara dokokin wasa ta yi aikinta na farko mai amfani a ranar.

"Baba! Musaya muka yi. Ni ma na saya a wurinka."

Mahaucin ya ɗago.

"Ina tawa gyarar?"

Leɓen dattijon ya yi murmushi, wannan karon babu murya.

"Me kake so?"

"Hanya."

"Yaron ya fara iya ciniki," in ji mahaucin. "Ku ba shi."

Ƙafafun suka dare. Ya rarrafa, ya tashi, ya ruga, bai waiwayi mashin ba. Masu itace ne suka tsince shi a bakin titi, rikoda a ƙanƙame a hannunsa.

A asibiti suka rubuta hatsarin mashin. Da ya samu sauƙi, Ummita ta kunna rikodar. Babu kalangu, babu hayaniya, babu muryar tsoho. Iska ce kawai, sai Zayyanu yana magana shi kaɗai. Sannan ihun. Wanda ya ji a ƙoƙo, sak. Muryarsa ce.

An cika masa alkawari, ba a tauye shi ba.

Washegari ya sa madannin fasa ciniki, babba, ja, a tsakiyar allo. Ummita ta kalli madannin, ta kalli bandejin kansa.

"Yaya, ya sa ihun a gem ɗin?" in ji ƙaramar cikinsu.

"Ya sa. Ai ya biya." Nafi'u ya miƙe yana naɗe tabarma. "Ni har gobe hatsarin mashin na ɗauka, duk da mashin ɗin an same shi a jingine, ko ƙwarzane babu. Amma kada wanda ya bi ta kufan nan shi kaɗai. Kuma duk wanda ya taya wani abu a jikinku, ko da wasa ne, me za ku ce?"

"Albarka," suka ce tare, kowa hannunsa a kan kunnensa.