Furen Ƙofar Ɗakin Baya

Sangcheol, ajiye wayar nan. Gyeongran, bar kwanukan, ba gudu za su yi ba. Ku matso ku zauna, ba don cin abinci na kira ku daga birni ba. Labarin uwata, kakarku Okbun, zan ba ku, da abin da ya same ta a gidan nan shekarar da nake da sha biyar. Ni ban riƙe komai ba, daga bakinta na ji. Saboda haka zan riƙa faɗin sunana, Deokhi, kamar wata nake nufi, don yarinyar da ta zauna a ɗakin baya kwana tara ba ni ba ce.

A shekarar ne uwar mijin Okbun ta rasu. Shekara goma sha tara Okbun tana ƙarƙashin tsohuwar nan. Kowace shekara, idan an gama girbi rana ta yi kyau, akan ciro ƙofofin gidan, waɗanda katako ne da aka rufe da takarda, a jera su a tsakar gida, a ɓare tsohuwar takarda a liƙa sabuwa kafin sanyi. Okbun ce ke dama kunun liƙi, ita ke kankare katako har farcenta ya tsage. Tsohuwa kuwa sai a ƙarshe take fitowa da littafin da take busar da furanni a ciki, ta sa wa kowace ƙofa nata kusa da mariƙi, ta rufe da 'yar takarda. Fure mafi kyau, rawayan gukhwa mai cikakken kai, kullum ɗakin baya ake kai wa, ɗakin da ba kowa sai tulunan hatsi da tsohuwar masaƙa. Ƙofar Okbun kuwa ganyen gora biyu. Shekara goma sha tara, ganyen gora biyu.

Sau ɗaya ta taɓa tambayar dalili. Tsohuwa ta ce, "Ke 'yar garin Gongju, dama kununki." Kuma Deokhi take kira ta riƙe mata littafin, Deokhi ta koya wa ɗinki, Deokhi take yabo a gaban baƙi, har yarinyar ta fi saurin amsa kiran kakarta da na uwarta. Okbun na gani, tana haɗiyewa.

To, a wannan shekarar littafi ya zo hannunta. Ta buɗe, ta zaro rawayan furen, ta ɗora a kan ƙofarta. Ƙofar ɗakin baya kuwa tsohuwar jarida ta manna mata, ga farar takarda nan a ajiye.

Deokhi ta ce, "Inna, Kaka da ɗakin baya take farawa."

"Kakarki tana kan tudu, ciyawa ta rufe ta. Miƙo mini kunun."

Mijinta Mansu ya dawo daga gona, ya tsaya ya dubi ƙofar ya yi dariya. "Maman Deokhi, wannan ai kamar kin naɗe kifi a kasuwa."

"Tulu ba ya kallon fure," in ji ta.

Ta guntsi ruwa ta fesa wa takardun, suka bushe suka ɗaure kamar fatar ganga. Da yamma ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa, ta zauna tana kallon sauran hasken rana yana ratsa furen. Ba ta taɓa jin gidan nan nata ne ba sai a lokacin.

Hasken bai gama dushewa ba dutse ya faɗo a kan murfin tulun miya. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku, kowanne a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ta fita ta duba, babu kowa a bayan katanga, kare ma ya shige ƙarƙashin dandamali ya ƙi fitowa. Da ta dawo sai ta ga huji a sabuwar takardarta, dab da furen, daidai girman yatsa. Gefen hujin a jiƙe yake, yadda mai leƙe ke lasar yatsa kafin ya huda.

Ta liƙe shi da safe. Da almuru ya dawo, sun zama uku. Ba a taɓa ƙofar kowa ba sai tata. A rana ta huɗu tana kwasar barkonon da ta shanya, ta ji numfashi daga ɗakin baya, dogo, mai nauyi, irin na wanda aka ɓata wa rai yana jira a lura.

A rana ta biyar Deokhi ba ta zo cin abincin yamma ba. Suka same ta a ɗakin baya, zaune tsakanin tuluna, ta miƙe baya kamar tsohuwa, rigar sanyin uwarta a cinyarta. Ta ɗinke bakin hannayen rigar, ta ɗinke wuyan, da ɗinki ƙanana masu kyau da ba a taɓa gani a gidan ba.

"Deokhi, tashi," in ji Mansu.

Yarinyar ba ta dube shi ba. Sai ta kalli uwarta, ta ce da wata murya mai kauri, "Ɓarauniya."

Kwana tara ba ta ci ba sai ruwan shinkafa. Zare ya ƙare, ta ci gaba da allura ba zare, yatsunta na jini. Maza biyu ba su iya ɗaga ta ba. Mansu ya yi tafiyar yini ya zo da Malam Pyo, makaho mai karatun korar aljanu, wanda ya haddace littattafan da masu ido ba su gama karantawa ba.

Malam ya zauna a bakin ɗakin, ganga a dama, kwalba a gabansa da marfin itace. Ya fara karatu da la'asar. Muryarsa ba ta tashi, ba ta sauka, gangar na binta. Sai da rana ta taɓa kan dutse allurar ta tsaya.

"Wace ce ke?" in ji shi.

"Tambayi wannan mai kaushin hannun. Kafin a kafa ginshiƙin gidan nan ina wurin nan. An roƙe ni na matsa, na ce a bar mini ɗaki ɗaya, a fara da ƙofata, a ba ni furen da ya fi. Mata biyu sun cika alkawarin. Ita ta zo ta naɗe ni a jarida, ta kai furena ƙofarta tana kallo tana murmushi. Ina ganinta ta hujin."

"Za a mayar miki. Saki yarinya."

"A'a. Yarinyar nake so yanzu. Hannunta ya yi mini. Ba aure, ba fita, ta zauna ta yi mini ɗinki."

Malam ya laluba ya ɗauki kwalbar. "Kin san wannan. Sai na sa ki ciki na binne a mararraba."

Aljanar ta yi dariya da bakin Deokhi. "Sa ni, makaho. Da numfashinta zan shiga."

Okbun ta ce mini a nan ne tsoro ya bar ta, haushi ya hau. Tsohuwa ta ƙwace mata 'ya tana raye, yanzu ga wata kuma. Ta tsallake gangar ta shiga ɗakin, Malam na cewa kada ta shiga.

"Ke, dube ni. Ni na ɗauki furenki, ba ita ba. Shekara sha tara ina kankare miki ƙofa, ko sannu ba a ce mini ba, ko dalili ba a gaya mini ba. Ke aka zauna ana hira da ke, ni ana aike na. In kina da magana, da ni za ki yi."

Sai aljanar ta ce, "Hira kam mun yi da tsohuwa. Kullum maganarki take. Ta ce ɗinkinki ya fi nata tun ranar da kika zo, shi ya sa ba ta taɓa ba ki fure ba, kuma ta riƙe yarinyar kusa da ita."

Malam ne ya yi maza ya ce, "To ga hannun da ya fi. Me za ki yi da na yarinya?"

Aka daɗe ana ja. Ta ce a ba ta duka furannin gidan, Malam ya ce ɗaya. Ta ce a ɗinka mata sabon labule duk shekara, Okbun ta ce ta yarda. A ƙarshe aljanar ta ce, "Saura ɗaya. Duk matar da ke yi mini ƙofa, tata ƙofar ba fure. Ko ganyen gora. Muddin gidan nan na tsaye."

Okbun ta waiwaya ta hango ƙofarta, furen na nan, duk huji kewaye da shi. Ta je ta yage takardar da hannunta, ta ɓamɓaro shi ba tare da ya karye ba, ta dama kunu a take, ta ɗora shi a ƙofar ɗakin baya. Tana shafa takarda ta ƙarshe a kansa, allurar ta faɗi ƙasa. Deokhi ta kife, ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Inna ta kira, ba Kaka ba. Okbun ta ce wannan ya ishe ta.

Shekara talatin da takwas tana yi, ƙofarta fara fat. Har ta mutu ba ta san ko gaskiya aljanar ta faɗa game da tsohuwa ba, ko kuwa don ta ƙona mata rai ne. Wani lokaci tana ɗinki sai ta tsaya ta ce, "Ƙarya ce," sannan ta ɗaga ɗinkin ta duba a haske. Da ta rasu na karɓa. Kun girma kuna tambayata me ya sa ƙofata ba ado, ina ce muku ba na so. Ina so. Duk shekara ina jin zafinsa.

Yanzu ku dubi hannuwan nan. Bara sau uku na yaga takarda kafin ta zauna, bana ko zare ba na iya zurawa. Kai Sangcheol kana ta zancen a cire ƙofofin a sa gilashi, ban ji ka ce wa zai shiga ɗakin baya ya faɗa mata ba. Ke Gyeongran kin ce aikin matar ɗa ne, matar yayanki kuma ta ce na 'yar gida ne. Ni na gaji da jin ku ta waya ɗaya bayan ɗaya. Kuma kai Sangcheol, 'yarka Yerin ta cika sha biyar, na ga jakar da ta ɗinka, ba ta yi kama da aikin yara ba.

Littafin yana cikin akwati, furen bana ya bushe. Saura kwana goma sanyi ya sauko. Ba wanda zai kama hanyar birni sai kun gaya mini hannun wa zan ba.