Akwatin Zuma a Hanyar Tamanhint

Ranar da Faouzia ta fara ganin Hachimou, ido ɗaya kawai gare shi. Ɗayan ya kumbura ya rufe ruf, leɓensa na sama ya yi suntum. Ya tsaya a ƙofar shagon ɗinkin mahaifinta a unguwar Gurda da ke birnin Sabha, a Libiya, malfa a hannu ɗaya, guntun gidan sauro a ɗayan, ya yi sallama da ƙyar.

Mahaifin nata, Malam Attahirou, ya tafi kasuwa sayen zare, ita ce a kan keken. Ta amsa sallamar tana sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce mata.

"Sannu, Malam. Faɗa aka yi?"

"An yi kam," ya ce. "Su dubu, ni kaɗai."

Ya ce shi mutumin Madaoua ne, yana aiki a wata gonar lemo a hanyar Tamanhint. Kwanakin baya taron ƙudan zuma ya sauka a reshen lemo, mai gonar ya ce a cinna musu wuta. Shi kuwa ya roƙa aka bar masa. Ya harhaɗa akwati da tsofaffin katakai, ya kalli yadda ake yi a salula, ya kakkaɓe su ciki. Jiya ɗoki ya sa ya buɗe akwatin ba hayaƙi, ba komai a fuska.

"So nake a ɗinka mini ragar nan a bakin malfar, ta sauko har kafaɗa."

"Ka daɗe kana kiwon zuma?"

"Tun ranar Talata."

Wannan karon dariyar ta fi ƙarfinta. Ta karɓi malfar ta ɗinka, ta ƙara masa zariya a ƙasa yadda zai tsuke a wuya. Da zai tafi ya nemi lambarta, wai ko ragar za ta yage. Ta san ɗinkinta ba ya yagewa, amma ta ba shi.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo.

"'Yar tela, ragarki ta yi aiki. Yau uku kawai suka harbe ni, duka a hannu."

Ta mayar masa: "Sarkin zuma, sai ka kawo hannun a ɗinke shi ma."

Daga nan kullum sai ya ba ta labarin akwatin. Ta san ranar da ya gane cewa hayaƙin tsohon buhu yana kwantar musu da hankali. Ta san ranar da ya tarar da guda ashirin sun nutse a kwanon ruwan da ya ajiye musu, har ya koyi zuba tsakuwa a ciki don su samu wurin tsayawa. Ranar da ya fara ganin uwar zuman da idonsa kuwa, kiranta ya yi.

"Faouzia, doguwa ce, tana tafiya a hankali, duk suna ba ta hanya. Wallahi ke na tuna."

"Ni ka haɗa da ƙwaro?"

"Da sarauniya na haɗa ki."

Ta kashe salular ta daɗe tana murmushi. Sai ta ɗaga kai ta ga yayarta Kadidiatou tana kallonta daga bakin murhu, murmushin ya ɓace.

Shekara huɗu ke nan da mijin Kadidiatou ya fita wata safiya ya nufi arewa, zai haye teku. Ba a ga gawarsa ba, ba a ji muryarsa ba. Ta dawo gidan iyayenta, ita ba mai aure ba, ba mai takaba ba. Tun daga lokacin aka daina dariya da ƙarfi a gidan.

Bayan wata huɗu Hachimou ya zo da wani dattijon garinsu neman izini. Faouzia da mahaifiyarta Inna Hadjara suna bayan labule suna ji. Malam Attahirou bai tambayi asali ko sana'a ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Me ya kawo ka Libiya?"

Hachimou ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ni da ƙanena Alhassane mun zo ne da niyyar wucewa. Amma ni na fasa."

"Ka fasa yau. Gobe fa?" Tsohon ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ina da guda a ɗaki da teku ya cinye wa rayuwa. Ba na ba ɗan hanya 'yata. Ku gai da gida."

Da yamma saƙon Hachimou ya zo.

"'Yar tela, ban yi fushi da Baba ba, yana da hujja. Amma ki gaya wa zuciyarki: kullum da safe akwai masu jira in zuba musu ruwa, ga kuma ke. Ina zan je?"

Ta rubuta: "Na yarda da kai." Ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka marar sauti.

A makon ne wani mai suna Kabirou, mai neman aurenta, ya fara yawan zama a shago. Yana da shagon salula a bakin titi, shekararsa goma a Sabha, takardunsa cikakku, kuma ya iya gaida manya. Malam Attahirou yana shimfiɗa masa tabarma da hannunsa. Faouzia ba ta tsane shi ba. Ba ta dai jin komai idan yana magana.

Sai wata Asabar salular Hachimou ta daina shiga.

Ta kira da safe, ta kira da azahar. Washegari ta tura: "Sarkin zuma, lafiya?" A rana ta uku ta tura: "Ko laifi na yi, ka faɗa mini." Babu amsa.

A rana ta huɗu Kabirou ya zauna a shago, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Baba, yaron nan mai ƙudan zuma, ashe ya wuce. Ranar Asabar na gan shi da idona wajen masu motocin arewa, jaka a kafaɗa."

Allura ta soki yatsan Faouzia, ba ta ma ji ba. Malam Attahirou ya juyo ya dube ta, ba da murna ba, da wani irin tausayi mai ciwo.

"Kin gani ko?" ya ce.

Kafin Juma'a ya karɓi goron mutanen Kabirou.

Faouzia ta daina cin abinci. Saƙo na ƙarshe da ta tura gajere ne: "Da ka ce mini za ka tafi, da na yi maka addu'a. Allah ya isar da kai lafiya." Ta ajiye salular a ƙarƙashin filo.

Kadidiatou ce ta yaye mata mayafi a safiyar kwana na bakwai.

"Tashi ki sa hijabinki."

"Ina za mu, Yaya?"

"Gonar. Ni shekara huɗu ina zaune da ƙila. Ke ba za ki zauna da ita ba. Mu je ki gani da idonki."

Suka hau tasi har bakin gonar. Rana ta riga ta yi zafi, iska kamar daga bakin tanderu. Wani dattijo ɗan Nijar mai ban ruwa ya tarbe su, da ya ji sunan Hachimou sai ya saki tiyo.

"Alhamdu lillahi da wani ya zo nemansa! Ƙanensa ya raka wajen masu motocin arewa. Kwana uku yana roƙon yaron kada ya tafi, yaron ya ƙi. Jakar ƙanen ce ya ɗauka masa. Ya ce mini zai dawo kafin azahar, katin shaidarsa ma yana ɗaki ƙarƙashin tabarma. Muna zaton a shingen hanya aka tsare shi. Mai gona ya yi tafiya, mu kuwa ba mu da takardar da za mu je tambaya."

Faouzia ta zauna a kan bulo.

Dattijon ya nuna musu akwatin daga nesa, ya ce shi tsoron ƙudan zuman yake ji. Rumfar kaba da Hachimou ya yi masa iska ta kayar da ita. Kwanon ruwa ya bushe ƙayau, matattun ƙudan zuma sun yi baƙi a gaban ƙofar. Faouzia ta ɗauko malfar daga ƙusa ta sa, ta cika kwanon, ta tayar da rumfar. Ɗaya ta harbe ta a wuyan hannu. Ta tsaya tana kallon wurin yana tashi, hawaye na zuba cikin ragar.

Da suka koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa duka. Ya saurara, ya ce, "Ko da gaskiya ne, na riga na karɓi goro. Kabirou zaunanne ne. Na san inda zan same shi gobe."

"Baba."

Kadidiatou ce. Shekara huɗu ba ta taɓa sa baki a maganar gidan ba.

"Nawa mijin ma zaunanne ne. Shago gare shi, takardu gare shi. Kai ka zaɓa mini shi, ka ce ka san inda za ka same shi gobe. To ina yake?"

Inna Hadjara ta ce, "Ke, rufe bakinki!"

"Inna, ki bar ni in faɗa sau ɗaya. Ban taɓa ɗora wa Baba laifi ba, ƙaddarata ce. Amma kada a hukunta wani da laifin mijina. Wancan ya tafi bai waiwayo ba. Wannan yana tsare saboda ya je hana wani tafiya."

Malam Attahirou ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya ƙi cin abincin rana. Washegari da sassafe Faouzia ta ga ya sa babbar rigarsa.

"Zan nemo shi saboda Allah," ya ce, bai dube ta ba. "Ba don in ba shi ke ba."

Ya biya gonar ya karɓi katin Hachimou, kwana shida yana yawo da shi a aljihu, daga wannan ofis zuwa wancan, da Larabcin da ya koya cikin shekara ashirin da biyar. Da mai gonar ya dawo suka tafi tare, mai gonar ya tsaya wa Hachimou. A kwana na goma sha huɗu aka sako Hachimou, an aske masa kai, wandonsa na zamewa daga ƙugu, salularsa ba a san inda ta shiga ba.

Da salular dattijon nan mai ban ruwa ya kira ta da yamma.

"'Yar tela."

Ta ƙara manna salular a kunnenta.

"Sun tafi, Faouzia. Akwatin wayam. Zafi ya narkar da saƙar zuman, sauran suka tashi. An ce kin zo kin ba su ruwa."

"Na makara."

"Ba ki makara ba. Ni ne ban dawo kafin azahar ba."

Ta ce, "Na zarge ka, Hachimou. Na yarda ka tafi. Ka yafe mini."

"Kwana goma sha huɗu abin da nake tsoro ke nan, kada ki yarda. Amma kin zo. Ya wuce."

Malam Attahirou ya mayar wa Kabirou goronsa, ya ce ba zai haɗa zuri'a da wanda ya ga rabin abu ya faɗe shi a matsayin duka ba. Kabirou ya daina gaishe shi, abokansa suka kwashe ɗinkinsu zuwa wani shago. Amma maganar Hachimou, tsohon bai sake tayar da ita ba.

Bayan wata biyu labari ya zo daga bakin teku. Jirgin robar da Alhassane ya shiga ya kife. Wani da ya tsira ne ya kira.

Malam Attahirou ya je ta'aziyya. Ya tarar da Hachimou zaune a tabarma a gindin lemo, ba uwa, ba uba, ba ɗan'uwa, sai ma'aikata uku. Ya zauna kusa da shi har la'asar. Da zai tashi ya dafa kafaɗarsa.

"Bai kamata mutum ya karɓi gaisuwar mutuwa shi kaɗai ba. Bayan arba'in ka turo manyanka."

Aka ɗaura auren wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba kiɗa, ba guɗa, saboda rasuwar. Inna Hadjara ta dafa shinkafa, maƙwabta suka zo suka ci. Zuma ko cokali ɗaya babu a bikin. Akwatin yana nan a inuwa, Hachimou ya wanke shi ya shafe cikinsa da ragowar kaki, yana jiran lemo ya yi fure ko Allah zai kawo wani taron.

Da za a fita da amarya, mahaifinta ya riƙe hannunta ya daɗe. Sannan ya ce:

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa in mutu ban yi nadamar wannan ba."

Da la'asar Kadidiatou ta raka ta har ƙofar ɗakin da mai gona ya ba su. Ta gyara mata mayafi, ta share mata kwallin da hawaye ya ɓata, amma ta ƙi shiga.

"Yaya, ki shigo ko ruwa ki sha."

"A'a. Ɗakin amarya ba wurina ba ne." Ta juya wajen Hachimou, wanda ke tsaye gefe kansa a ƙasa. "Ga ta nan. Abu ɗaya nake roƙonka. Duk inda za ka, ko bakin titi ne, ka gaya mata."

"Na yi alkawari, Yaya."

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa ku tsufa a ɗaki ɗaya."

Suka ce amin tare. Kadidiatou ta koma tasin ita kaɗai, Faouzia ta tsaya tana kallo har motar ta ɓace a kwanar gona. Sannan Hachimou ya ɗaga labule, ya ce a hankali, "Bismillah, matata," ta shiga da ƙafar dama.