Gawo Huɗu a Bakin Burtali

Tulun ya suɓuce daga kan Humaira ya tarwatse a ƙasa.

Ramuka huɗu ne a gabanta. An ja ƙayar shingen gefe guda an jingine ta da kyau. Wannan ba aikin awaki ba ne.

"Innalillahi... Baba! Baba!"

Baba Maccido, mahaifinta, ya saki igiyar saniya ya taho da sauri. Ya durƙusa ya zura hannu cikin rami, ya zaro guntuwar saiwa da aka datse da diga.

"Ɗiyata, an haƙe su. Ga sawun mota nan."

Ta zauna a ƙasa ba ta sani ba.

Shekara biyu ke nan da zazzaɓin kwana uku ya ɗauke mijinta Gazali. Makiyayi ne. Kullum ya dawo da shanu da rani sai ya ce burtalin nan na Kebbe ba shi da inuwa, wata rana zai dasa gawo, don shi ne icen da ke riƙe ganyensa lokacin da kowa ya zubar. Bai samu yi ba. Ita ta dasa masa guda huɗu, a gefen gonar mahaifinta, don duk dabbar da ta ci 'ya'yan gawon ladan ya iske shi. Tun da damina ta ɗauke, kowace safiya tana nan da tulu.

Wayarta ta yi ƙara. Nuraddeen ne, malamin makaranta a Tambuwal, wanda ya shekara yana neman aurenta.

"Sanyin idona, albishirinki!"

"Malam Nura, an sace mani..."

"Ba a sace ba! Suna nan gidanmu! Kin ce ba ki tarewa sai sun tsallake rani, to na kawo maki su inda za ki zauna. Yanzu babu sauran jira."

Ta kashe wayar.

Kabu-kabu ya kai ta Tambuwal kafin azahar.

Ga su nan a tsakar gida, an jera su cikin bokitan fenti. Ganyen har ya fara lanƙwashewa.

Inna Yelwa, mahaifiyar Nuraddeen, tana kan tabarma tana tsince wake. Kusa da ita Nasiha ce, 'yar ƙanwarta daga Dogon Daji, wadda Inna ta daɗe tana so ɗanta ya aura.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Bazawara har gidan manemi? Zamani!"

Humaira ta rusuna ta gaishe ta, sannan ta juya ga Nuraddeen da ya fito yana murmushi.

"Mi ka yi?"

"Na shayar da su tun da safe, Humaira. Dubi..."

"Sun mutu."

"Haba! Ga ganye kore."

"Sun mutu, Malam Nura. Saiwar gawo ta fi tsawonsa nisa cikin ƙasa. In ka datse ta ka gama da shi. Ko yaron goye a Kebbe ya san wanga."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya waiwaya a hankali.

"Nasiha... ke kika ce kamar mangwaro ne, a ciro shi da ƙasarsa. A gona kika tashi."

Nasiha ba ta ɗaga kai daga waken ba.

"Shawara ka nema, Yaya. Ni ban riƙe diga ba."

"Ice ne fa!" Inna ta ture faifan. "Ice fuɗu za su tsare mani ɗa shekara guda? In har yanzu matar mamaci ce ta faɗa, ga yarinya nan zaune. Watan nan in ya fita, goro za ni kaiwa Dogon Daji."

Humaira ta taɓa ganyen ɗaya.

"Inna, ba ice nika ma kuka ba. Kowa na ambaci marigayi gabansa sai ya ce in yi haƙuri, in bar tunawa. Can bakin burtali ne kawai nika zama in yi zancensa ba mai katse ni."

Ta dubi Nuraddeen.

"Kai ma ba ka taɓa tambayata shi ba. Ka auri wadda ba ta binne kowa ba, zai fi maka sauƙi."

"Humaira, don Allah..."

Ta fice.

Kwana goma sha tara wayarta ba ta yi ƙara ba.

Ba ta daina zuwa burtali ba. Sai dai yanzu hannu sake take tafiya, ta zauna bakin ramukan har rana ta yi zafi. Shanu su wuce, makiyaya su gaishe ta su kau da kai. Iska ta fara cike ramukan da yashi. A rijiya ta ji mata na cewa an ga Nasiha a kasuwar Tambuwal tana zaɓen atamfa.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne, in ta zauna nan, mutum biyu take kewa.

Ran Asabar da hantsi ta dawo gida ta jiyo dariyar Baba daga garken awaki.

Ta leƙa.

Nuraddeen ne tsugune cikin farar shaddarsa, da gwangwani a hannu, yana fasa kashin awaki da tsinke.

"Ɗiyata, zo ki ga malami yana ɗaukar darasi!" Baba na share hawayen dariya. "Na ce masa irin gawon da ya bi ta cikin akuya shi ke saurin tsira. Tun safe yake nan, bakwai kaɗai ya samu!"

Baba ya ja sandarsa ya ba su wuri.

Nuraddeen ya miƙe. Ya rame.

"Na yi ta ba itatuwan ruwa har suka bushe ƙarmas. Ban iya kiran ki ba."

"An kai goron?"

"Na ce da Inna in ta kai, ita za ta aura. Ta daina amsa gaisuwata."

"Wannan irin sai ruwan fari ya sauka. Kuma sai an tsare shi wani ranin gaba ɗaya. Ba ni barin Kebbe, Malam Nura."

"Na sani. Na nemi a maido ni koyarwa nan. Ko ba a ba ni ba, ina da babur."



Ya ajiye gwangwanin, ya goge hannu a shaddar da ta riga ta ɓaci.

"Kishinsa nika yi, Humaira. Shi ya sa ban tambaya ba. Yanzu ina so in ji. Wane irin mutum ne?"

 Sai hawaye suka zubo mata.

Bai ce ta yi haƙuri ba. Ya tsaya yana jira.

"Ba ya iya waƙa..." ta ce da ƙyar. "Amma kullum sai ya yi ma shanu. Har su kan gudu."

Dariya ta kufce mata cikin kukan.

"To sai me?" in ji shi.

Ta zauna kan turmi ta ci gaba. Har aka kira azahar tana magana.

An ɗaura aurensu mako biyu bayan saukar ruwan fari. Inna Yelwa ba ta zo ba, amma ta aiko da tabarma sabuwa.

Cikin iri bakwai, uku suka tsiro.